Darasi na Bakwai: Ina Ruwan Sama Yake Tafiya?

Ruwan da ya sauka ƙasa hanya uku yake bi. Wani ya gangara rafi, wani ya nutse, wani kuma ya koma sama ya zama tururi, ko daga kan ƙasa ko ta ganyen tsirrai. A shekara guda ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ƙaru ko ya ragu, amma in aka haɗa shekara 20 ko 30, ƙarin da ragin sukan cinye juna. Sai lissafin ya tsaya haka: ruwan sama daidai yake da wanda ya ƙafe, haɗe da wanda ya bi rafi.

Da milimita ake awon. Milimita 1 a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A hekta guda kuwa lita 10,000.

Yadda ake auna ƙishirwar iska

Ƙishirwar iska ita ce yawan ruwan da rana da iska za su kwashe in ruwan bai yanke musu ba. Ana auna ta da daron ƙarfe mai faɗin santimita 121 da zurfin santimita 25. Ku ɗora shi bisa katako, santimita 15 daga ƙasa, a fili inda babu inuwa. Ku zuba ruwa ya tsaya santimita 5 ƙasa da baki. Kowace safiya, a lokaci ɗaya, ku auna abin da ya ragu. In an yi ruwa, ku ƙara abin da ma'aunin ruwan sama ya nuna a kan zurfin ruwan jiya kafin ku cire na yau.

Adadin da kuka samu ku ninka shi da 0.7. Dalili kuwa, ƙarfe yana ɗaukar zafi ta gefe, don haka daro ya fi tafki saurin ƙafewa. Wanda ya manta wannan mataki zai ɗauka ƙasarsa ta fi yadda take bushewa.

Tsuntsaye da dabbobi su ne manyan masu ɓata awo, domin abin da suka sha sai a ɗauka rana ce ta ƙafar da shi. Ku kewaye wurin da waya. Kada ku bari ruwan ya sauka ƙasa da santimita 7.5 daga baki, kuma ku riƙa wanke gansakuka.

Raba ɗaya da ɗaya

Ku raba ruwan sama na shekara da ƙishirwar iska ta shekara. Misali, milimita 600 a raba da 2,000 ya ba da 0.3. A ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasa da 0.05 hamada ce tsantsa, 0.05 zuwa ƙasa da 0.2 busasshiyar ƙasa, 0.2 zuwa 0.5 mai ɗan dama-dama.

Masanin Rasha Mikhail Budyko ya nuna cewa wannan adadi shi ke yanke rabon ruwa. Inda ruwan sama da ƙishirwa suka zo ɗaya, wajen kashi 70 cikin 100 ke ƙafewa. A misalinmu na 0.3 kuwa, fiye da kashi 90 ne ke tafiya sama, rafi ya samu ɗan saura. Amma fa wannan hukunci na babban yanki ne da shekaru masu yawa. Bai dace da gona ɗaya ko damina ɗaya ba.

Aiki: An samu ruwan sama milimita 420, daro ya rasa milimita 3,000 a shekara. Ku ninka da 0.7, ku raba, ku faɗi rukunin ƙasar.