Idan Mutum Ya Daina Kula Komai: Ta Ina Za Ku Fara?

Aikina jinya ne a Gombe, kuma ƙorafin da 'yan rakiya suka fi kawo mini shi ne: "Baba ya daina kula kowa." Dattijon da a da ba ya fashin kasuwar Tudun Hatsi, yanzu sai ya wuni a zaure, jika ya faɗi a gabansa ko motsi ba zai yi ba. Wasu su ce lalaci ne, wasu su ce sammu. Sau da yawa ciwo ne.

Ku fara da tuna lokacin da abin ya soma. Idan cikin kwana ɗaya ko biyu ne, musamman da zazzaɓi, ruɗewa ko karkacewar baki, ku kai shi asibiti yau ɗin nan.

Idan kuwa a hankali ya zo, ku zauna ku tambaye shi abin da yake ji. Mai ciwon damuwa yana cikin baƙin ciki, yana kuka, yana ganin ba shi da amfani. Wanda himmarsa ce ta mutu kuwa zai ce muku "ba komai", kuma har zuciyarsa haka ne. Ku faɗa wa likita wanne kuka gani, domin wasu magungunan damuwa suna iya ƙara dusashe mutum.

Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa ne ke tayar da himma. Shanyewar ɓarin jiki, ciwon mantuwa, ciwon Parkinson mai sa karkarwar jiki, ko buguwar kai a haɗarin babur duk suna iya taɓa shi. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda gwajin jini kaɗai zai gano matsalarsu, aka bar su a ɗaki: ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, ko raunin tairod da ke maƙogwaro. Duk suna da magani. Idan matashi ne, ku bincika taramol da kodin. Idan yaro ne da ya daina wasa, ƙafafunsa suka kumbura, ku yi zaton tamowa.

Ranar zuwa asibiti, wanda ke kwana gida ɗaya da shi ya raka shi, don mara lafiyan ba zai yi ƙorafi ba. Ku zuba duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya. Idan ƙaramin asibiti ya kasa, ku nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya. Addu'a a ci gaba da ita, ba ta hana gwaji.

A gida kuma, ku daina tambayarsa "Me kake so?" Ku miƙa masa buta ku ce: "Baba, tashi mu je masallaci." Farawar ce ke gagarar sa, idan an ɗora shi a hanya, sau da yawa yana bi.