Kafin ku nemi tallafi ga ƙungiyarku, ku rubuta tsarin aiki

'Yan uwa masu ƙungiyoyin taimakon marayu da gina rijiyoyi, ga wata shawara daga abin da na gani. Yawancinmu muna zuwa wajen masu ba da tallafi da kyakkyawar niyya kawai, babu takarda a hannu. Niyya ba ta isa.

Ku zauna ku rubuta matsala ɗaya da kuke son magancewa, a unguwa ɗaya ko ƙauye ɗaya. Kada ku ce "za mu taimaki al'umma". Ku ce yara nawa ne, a wace makaranta, kuma me za su samu cikin wata 12.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kasafin kuɗi. Ku rubuta kowane abu da farashinsa: kuɗin mota, katin waya, hayar ofis, har alawus ɗin mai kula da littafin kuɗi. Mutane suna jin kunyar saka waɗannan, sai aiki ya tsaya a tsakiya saboda babu kuɗin mai. Ku kuma bayyana daga ina kuɗi za su riƙa shigowa bayan tallafin ya ƙare, gudummawar mambobi ce ko wata 'yar sana'a ta ƙungiya.

Idan kuna Najeriya, ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai kwamitin amintattu, sannan ku karɓi takardar SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, domin bankuna kan nemi ta kafin buɗe asusun ƙungiya. Kuɗin ƙungiya kada su shiga asusun shugaba, ko da mutumin kirki ne.