Kabsa ba dafa-duka ba ce: inda masu ƙaramin gidan abincin Larabawa ke tuntuɓe

Mutum zai je Umara, ya ci mandi, wato shinkafa da gasasshen nama, a wani ɗan shagon 'yan Yaman a Jidda ko Madina, ya dawo da niyyar buɗe irinsa a unguwarsu. Ana buɗewa kam, amma sau da yawa abin da ke zuwa a faranti dafa-duka ce aka sake wa suna.

Daga shinkafa ɓarnar ke farawa. Da shinkafar basmati ake yin kabsa (shinkafar da ake dafawa cikin romon nama da kayan ƙamshi) da mandi, ita kuwa ba ta jure abin da shinkafarmu ta gida ke jurewa. A wanke ta har ruwan ya daina fari, a jiƙa ta minti 30, sannan a zuba romo kamar gwangwani ɗaya da rabi ga kowane gwangwanin shinkafa. Wanda ya tsuga mata ruwa son ransa, to ya shirya ganin ta caɓe. In an rufe tukunya a rage wuta a ƙyale ta. Yawan buɗewa ana juyawa da ludayi shi ke kakkarya ta, alhali so ake ta fito wara-wara.

Sai kayan ƙamshi. Hannunmu ya saba da kori da tayim, ko ba mu yi niyya ba sai mun barbaɗa. Ƙamshin kabsar Saudiyya kuwa daga hel (cardamom) yake, da kanumfari, da kirfa, da lumi, wato busasshen lemun tsami. Shi lumi huda shi ake yi da tsinin wuƙa a jefa shi ɗungurungum. In aka farfasa shi da 'ya'yansa, ɗaci zai gauraye tukunya. Attaruhu ma ba wurinsa ba ne nan. Yaji a gefe yake zuwa cikin ɗan kwano: daƙƙus na tumatir da tafarnuwa da barkono, ko sahawiƙ irin na Yamanawa, kowa ya ɗiba daidai harshensa.

Mandi ne aka fi ci wa zarafi. Asalinsa daga Hadramaut, a rami ake gasa shi, nama a sama, tukunyar shinkafa a ƙasa, kitse na ɗiga a kanta, hayaƙi na ratsa su duka. Soya kaza a mai a ɗora kan shinkafa mai launin rawaya ba ya mai da ita mandi. Wanda bai da rami sai ya jera naman kan raga a saman shinkafar cikin tanderu. In ya nuna, a sa ɗan ƙoƙo da cokali ɗaya na mai a tsakiyar tukunyar, a jefa jan garwashi a ciki, a rufe ruf na minti biyar. Amma don Allah kada ya zama gawayin da aka hura da kananzir. Na taɓa cin irinsa, har washegari ina gyatsar fitila.

Wani kuskuren shi ne cika allo da sunayen abinci kala ashirin, mai girki ɗaya. Ƙarshenta sai ɗumame. Ƙananan shagunan Saudiyya ba haka suke ba: ful (dafaffen wake) da gurasar tamis da safe, shinkafa da nama da rana, in ya ƙare ya ƙare. A fara da kala uku ko huɗu har hannu ya faɗa.

Wurin zama ma ana sakaci da shi. Abincin nan na taro ne, a babban tire guda ake cinsa, da hannu. Mai gida ba zai kawo iyalinsa su zauna kan kujerun roba a bakin titi ba. A ware lungu biyu ko uku da labule, a shimfiɗa darduma da matasai, a sa leda ƙarƙashin tire, a tanadi ruwa da sabulu kusa da ƙofa, domin maiƙon rago ba ya fita da ruwan buta kaɗai.