Daga zanen teku zuwa zanen da ba ya kwaikwayon siffa: yadda ake sauya hannu

Mai zanen teku da yake son barin kwaikwayon siffa yakan yi kuskure ɗaya: sai ya ajiye duk abin da ya koya, ya kama watsa fenti a kan kyalle. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce ragewa. Ana cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya daga abin da ido ya riga ya sani sarai, har sai motsin ruwa da haske kaɗai sun saura.

Turner, mai zanen Ingila, haka ya yi. Zanen fentin mai na farko da ya baje a Royal Academy, cibiyar masu zane ta Landan, a 1796 na masunta ne a teku cikin farin wata, kuma komai a fili yake: kwale-kwale, fitila, duwatsu. A 1842 ya nuna wani jirgin hayaƙi cikin guguwar dusar ƙanƙara a bakin tashar jiragen ruwa. Jirgin da ƙyar ake gane shi, ruwa da hayaƙi da sama sun murɗe sun zama abu guda. Shekara 46 ke tsakanin zanukan biyu, kuma a duk tsawon lokacin bai daina zana teku a littattafan aljihunsa ba. Mondrian kuwa, mai zanen ƙasar Holand, ya bi wata hanya a 1914 da 1915: ya rage teku da gadar da ta shiga cikinsa zuwa gajerun layuka, na tsaye da na kwance.

Ka fara da ƙananan gwaji, faɗin santimita 15 da 20, a kan kwali ko takarda mai kauri da aka shafa wa farin share fage sau biyu. Ka ba kowanne minti 15, ka yi kamar goma a zama ɗaya. Ƙarancin lokacin shi ne maganin, domin ba zai bar ka ka tsaya ƙirga igiyoyin jirgi ba. Launi huɗu na fentin mai sun isa: shuɗin altramarin, jar ƙasa ƙonanniya, rawayar ƙasa, da farin titaniyam. Shuɗin da jar ƙasar idan sun haɗu suna ba da toka-toka mai zurfi, irin na teku kafin hadari, wanda ya fi baƙin cikin kwalba rai.

Kafin ka taɓa launi, ka runtse ido ka dubi abin da kake zanawa har ya kasu gida uku: duhu, tsaka-tsaki, haske. Ka shimfiɗa waɗannan ukun da burushi mai faɗin santimita 4 ko 5. Ƙaramin burushi ka ɓoye shi tukuna.

Daga nan sai ragewa. A gwaji na farko ka bar jirgin. A na biyu ka mai da shi tabo mai duhu guda ɗaya. A na uku ka cire shi, ka duba ko zanen yana tsaye da ƙafarsa. Abin da ya fi wuyar rabuwa da shi shi ne layin da sama ta haɗu da ruwa, domin muddin yana nan a miƙe, mai kallo zai ce teku ne ya wuce. Kada ka goge shi gaba ɗaya da farko. Ka karya shi gida biyu ko uku, ka narkar da wani sashe da tsumma, ko ka ɗaga shi har kusan saman kyallen. Idan ya zauna a tsakiya daidai, zanen yakan rabu biyu ya mutu.

Motsin hannu ya fito daga kafaɗa, kana tsaye. Igiyar ruwa tana da nauyi da inda ta nufa, kuma wanda ya daɗe yana kallonta ya san ta taso, ta lanƙwasa, ta fashe. Wannan sanin ne zai hana layukanka zama kame-kame. Wuƙar fenti tana da amfani wajen kumfa: ka ɗebo fari mai kauri, ka ja sau ɗaya, ka bar shi. Ja na biyu yakan kashe shi.

Matsalolin da suka fi yawa na fentin ne kansa. Launi yakan zama taɓo idan aka cuɗa fiye da uku a wuri ɗaya, ko aka ci gaba da murza jiƙaƙƙen fenti a kan jiƙaƙƙe. In haka ta faru, ka kankare da wuƙa, kada ka ƙara wani a kai. Yawan fari yana sa zane ya yi kamar alli, don haka ka ɗan ɗumama shi da rawayar ƙasa. Tsagewa kuwa tana zuwa ne idan shafin ƙasa ya fi na sama mai: na saman ya bushe, na ƙasan yana ci gaba da motsi. Shi ya sa ake sirka shafin farko da tafentain, ruwan tsinka fenti, a riƙa ƙara man linsid, man da ake haɗa fentin da shi, kaɗan-kaɗan a na gaba. Shafi marar kauri yana bushewa cikin kwana biyu zuwa huɗu, mai kauri yakan ɗauki makonni. Farin zink yana yin gautsi idan ya tsufa, kada a yi shimfiɗar ƙasa da shi. A kuma duba alamar jure haske a jikin kwalba, domin wasu jajayen launukan da Turner ya yi aiki da su sun koɗe tun da daɗewa.

Idan ka tara gwaji talatin ko arba'in, ka jera su a ƙasa, ka juya wasu ƙasa ta koma sama. Wanda ya riƙe ƙarfinsa a juye shi ne ya cancanci babban kyalle. Wajen faɗaɗa shi ka ƙara girman burushi daidai da girman kyallen, in ba haka ba tabo ɗaya mai ƙarfi zai tarwatse ya zama ƙanana ashirin. Man ƙyalli na ƙarshe kuma sai bayan wata shida aƙalla, lokacin da fentin ya bushe har ciki.