Kwanakin farko a jami'ar Japan: me za ka fara yi, me za ka kiyaye

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman ƙannenmu na Garwa, Marwa, Ngaundere har zuwa Kuseri da Njamena da Allah ya ba su burs, wato tallafin karatu, na gwamnatin Japan ta hannun ma'aikatar iliminsu MEXT, ko shirin ABE na JICA, hukumarsu ta taimakon ƙasashen waje, ko kuma musayar ɗalibai ta shekara ɗaya. Tambayoyin da kuke turo min duk kusan iri ɗaya ne shi yasa na ce bari in haɗa su wuri guda, wanda ya karanta dan Allah ya tura ma wani. Ba zan yi maganar dosiye da biza ba, wannan kun riga kun gama da ambasad ɗinsu na Yawunde, wanda shi ne ke kula da 'yan Cadi ma. Daga ɗaure kaya zan fara.

Na farko dai kilishi. Na san Inna ko Goggo sai ta sa an sayo maka mai kyau an naɗe a takarda an tura can ƙasan jaka, to ka roƙe ta da girman Allah ta bar shi a gida a ci da yara. Nama kowane iri ne, busasshe ko soyayye ko dambu, an hana shiga da shi daga ƙasashenmu, akwai karnuka masu sunsuna jaka a filin jirgi, kuma dokarsu ta kai tarar yen miliyan 3 ko ɗauri har shekara 3. Ɗanyun 'ya'yan itace ma haka. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa, waɗannan kam za ka yi marmarinsu sosai, amma kar ka ɓoye, ka je teburin masu duba tsirrai ka nuna, abin da suka bari ka wuce da shi abin da suka karɓe ka haƙura. Maganin da likita ya rubuta maka kar ya wuce na wata ɗaya sai in ka nemi izini tun kafin tafiya, kuma ka riƙe takardar likitan. Ka zo da kuɗi a hannu, su MEXT da kansu suna ba da shawarar kamar dalar Amurka 2,000, dalili kuwa kuɗin burs na farko ba ya shigowa sai bayan wata ɗaya ko wata da rabi, alhali haya da katifa da tukunya da tikitin jirgin ƙasa duk ba sa jira. Wutarsu bolt 100 ce ba 220 irin tamu ba, soket ɗin kuma mai faffaɗan haƙora biyu, cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna ɗauka in ka sa musu adafta, amma dutsen guga da hita ka bar su gida. Sannan rigar sanyi mai kauri tana jakar hannu, domin watan Afrilu da Garwa ke wuce digiri 40, a Tokyo da safe yana iya zama 10 ko ƙasa, in kuma a Oktoba ka sauka to hunturu ne ke gabanka.

Da ka sauka filin jirgin Narita ko Haneda ko Kansai, a wajen shige da fice za su buga maka katin zama, shi ne zairyu kado. Wannan katin kullum yana aljihunka, ko shagon bakin layi za ka je, ɗan sanda yana da hurumin tambayarka kuma rashin riƙe shi laifi ne mai tara har yen 200,000. A nan wurin kuma kar ka manta, akwai fom ɗin neman izinin aikin wucin gadi, ka cike ka miƙa a take su buga maka hatimi a bayan katin, in ka bari sai daga baya to sai ka ɓata yini guda a ofishin shige da fice. Izinin awa 28 ne a sati, a dogon hutu awa 8 a rana, ban da aiki a gidajen caca da wuraren shaƙatawar dare. Wallahi kar wani ya ruɗe ka ya ce ai ba a dubawa, ana dubawa lokacin sabunta biza kuma mutane sun rasa zamansu a kan wannan.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe, takardun Japan a jere suke, kowace tana buɗe ƙofar ta gaba, in ka tsallake ɗaya sai a maida kai baya cikin ladabi da murmushi amma dai an maida kai. Da ka karɓi makullin ɗakinka kana da kwana 14 ka je meri ɗin garin, wato ofishin hukumar gari, su suna ce mata shiyakusho ko kuyakusho, a rubuta adireshinka a bayan katin zama. Kar ka jira kwana 14 ɗin, ka je washegari ko jibi. A ginin nan dai za ka shiga inshorar lafiya ta ƙasa, dole ce ga duk mai zaman da ya wuce wata 3, ita ke biyan kashi 70 na kuɗin asibiti kai ka biya 30, kuma ka faɗa musu ba ka da kuɗin shiga a Japan bara, saboda da wannan ake rage maka abin biya sosai. In ka kai shekara 20 za a sa ka a tsarin fansho, ka tambayi fom ɗin ɗaga wa ɗalibai ƙafa ko na yafewa ka cike, kar ka yi shiru takardun biya su riƙa taruwa a akwatin wasiƙarka. Bayan wasu kwanaki za a aiko maka da lamba mai alƙaluma 12, My Number, ka adana ta kar ka tura wa kowa hotonta. Sai da adireshi a bayan kati sannan banki zai saurare ka, yawancin ɗalibai bankin gidan waya suke buɗewa, Yucho, kuma can MEXT ke zuba kuɗi. Layin waya ma sai da katin. Sunanka kuma ka tsaya a kan rubutu ɗaya da haruffansu na katakana, yadda aka rubuta a meri haka a banki haka a makaranta, mu da sunayenmu ke da tsawo, Muhammadu wane wane, harafi ɗaya in ya bambanta yana iya tsayar da kuɗi.

Jami'o'i da yawa suna haɗa sabon baƙo da wani ɗalibi da zai raka shi waɗannan wurare, ana ce masa tuta, makaranta ce ke biyansa. To ƙanena a nan kunyar nan tamu ta gida ba za ta amfane ka ba. Mun taso an koya mana kar ka dami mutum, kar ka cika tambaya gaban manya, ka ce "ba komai" ko da akwai komai. Su kuma Japanawa in ka ce ba komai sun yarda ba komai ɗin ne, ba za su sake bin ka suna lallashi ba, su ma kunyar shiga sha'aninka suke ji, sai a wayi gari kai kana jira a lura da kai su suna jira ka yi magana. Duk wasiƙar da ta shigo akwatinka ka ɗauki hotonta ka nuna wa tuta ko ofishin ɗaliban waje a ranar, ko da kana ganin talla ce. Ka sauke manhajar hira ta LINE a wayarka domin shi suke amfani da shi, WhatsApp na mutanen gida ne.

Masu burs ɗin MEXT akwai sa hannu da ake yi duk wata a ofis don a tabbatar kana nan, in ka makara kuɗin watan ya makara, in watan ya wuce baka sa ba ka rasa shi. Kuɗin yen 117,000 ne ga 'yan lisans, wato digiri na farko, 143,000 zuwa 145,000 ga masu bincike da masta da dokta. In ka buga da sefa, yen ɗaya wajen sefa 4, za ka ga kuɗi mai yawa, 'yan gida ma haka za su gani. Ka yi musu bayani tun da wuri cikin girmamawa cewa sai ka ga yadda wata biyu uku suka kasance kafin ka ɗauki alƙawarin aike.

Lokaci kuma. In an ce ƙarfe 9 to 9 saura minti biyar kana zaune. Darasi yawanci minti 90 ne, wasu makarantun 100 ko 105, ana ɗaukar sunan waɗanda suka zo, kuma fashi in ya yi yawa ko ka iya jarrabawa ba za a ba ka makin ba. Rajistar darussa ta intanet ce cikin 'yan kwanaki ƙalilan a farkon zango, in an rufe an rufe. Akwai gwajin lafiya da hoton ƙirji, kar ka tsallake. In kai mai bincike ne rayuwarka a ɗakin binciken malaminka take, shi ne sensei, waɗanda suka riga ka kuma senpai, wannan kam bai yi mana wuya ba tunda mun san girman malam da na yaya. Ka tura masa saƙo kafin ka je ofishinsa, in za ka makara ko da minti goma ne ka sanar kafin lokacin ba bayansa ba. Ka zo masa da 'yar tsaraba mara nauyi, kofi na Kamaru ko ɗan aikin fata na Marwa ya isa. Gaisuwarmu mai tsawo ta ina gajiya ina gida ina iyali ba su saba da ita ba, ɗan sunkuyawa da "ohayo gozaimasu" ya wadatar, kuma hannu ba a cika miƙawa ba, wanda ƙannena mata za ku ji daɗinsa.

Abinci shi ne inda na ga 'yan uwa suna shan wuya a satin farko, wasu har su rame. Ka ajiye waɗannan alamun a wayarka: 豚 alade ne, 酒 giya, みりん wata giyar girki ce mai zaƙi da suke sawa a miya da yawa, ラード kitsen alade, ゼラチン kuma jelatin. Miyar taliyarsu ta ramen galibi da ƙashin alade ake dafa ta ko da babu nama a sama. Kafin ka gane gari ka riƙe shinkafa, ƙwai, kifi, ayaba, madara. Shagon Gyomu Super yana sayar da kaza daskararriya mai hatimin halal da araha, a Tokyo akwai shagunan musulmi a Shin-Okubo, kuma kantin cin abinci na wasu jami'o'i kamar Kyoto da Osaka suna da abincin halal, ka tambaya a taka. Tukunyar dafa shinkafa ta hannu ka saya, garin shinkafa ko semolina yana tuƙuwa, kuɓewa ɗanya kuwa suna ci su ma, okura suke ce mata. Kwanuka da cokula da buta ko abin da zai tsaya a madadinta ka je shagon yen 100 irin Daiso. Za a gayyace ka walimar maraba inda ake shan giya, ka faɗa wa sensei tun farko cewa kai musulmi ne ba ka sha ba ka cin alade, a fili sau ɗaya, yawancinsu suna mutunta wannan har su nemo inda za ka iya ci, shayin ulon ko lemo ka ce a kawo maka. Zuwa ko rashin zuwa kai da zuciyarka da abin da malamanka suka karantar da kai, amma kar ka ce za ka zo sannan a neme ka a rasa.

Salla: alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, ba gabas ba yadda jikinka ya saba, ka duba da manhaja. Ba za ka ji kiran salla ba sai na wayarka. A watan Yuni asuba tana yi wajen ƙarfe 3 na dare, a Disamba magariba kafin ƙarfe 5. Wasu jami'o'in suna da ɗakin salla, inda babu ka nemi 'yan Indonesiya da Malesiya da Bangaladash, su ne suka fi yawa kuma sun san inda ake Juma'a. Ka duba jadawalinka na ranar Juma'a kafin ka yi rajistar darussa. In ka yi alwala a bayi ka goge ruwan da ya zuba, wannan ƙaramin abu shi ke jawo ƙorafi a kan musulmi. In ka samu sarari ka ziyarci masallacin Tokyo Camii, ko masallacin Kobe da aka gina tun 1935.

A masauki takalmi a bakin ƙofa. Shara ana rarraba ta, mai ƙonuwa daban, robar ruwa daban, gwangwani da kwalba daban, kowace da ranarta, wasu garuruwan ma sai a ledarsu ta musamman, ka manna jadawalin a bango. Bangon ɗakunan siriri ne, kuma tunda Japan ta riga mu da awa 8, lokacin da Baba ya dawo daga magariba ya ce a kira ka kai tsakar dare ne wajenka, ga mu da ɗaga murya a waya, to ku tsayar da lokaci, yammacinka shi ne safiyarsu. A jirgin ƙasa ba a amsa waya. Ka sayi katin biyan kuɗin jirgi na Suica ko ICOCA ka riƙa loda masa kuɗi. In ka sayi keke dole a yi masa rajista da sunanka, kar ka ɗauki wanda ka gani a yashe, hagu ake bi, ba goyo, fitila da dare. Ba a tayi a shago. In wayarka ta yi wata ƙara mai tsoratarwa girgizar ƙasa ce ke zuwa, ka shiga ƙarƙashin tebur ka kare kanka, kar ka ruga waje. 'Yan sanda 110, motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119.

Sai kewar gida, wadda ba ta cika zuwa a satin farko ba saboda kana ta zirga-zirga. Tana zuwa ne bayan komai ya lafa, ga masu zuwa a Afrilu daidai hutun ƙarshen wata zuwa 5 ga Mayu, kowa ya tafi garinsu harabar makaranta ta yi tsit, babu mai leƙo ka ya ce fito mu sha shayi. Kar ka kulle kanka a ɗaki da waya. Tun kafin hutun ka shiga ajin koyon Japananci, akwai na makaranta akwai kuma na 'yan sa kai a unguwa kyauta ko da kuɗi kaɗan, ka shiga kulob ɗin ƙwallo ko wani abin da kake so, ka nemi ƙungiyar ɗaliban Afirka ta garin. In barci ya ƙi ko abinci ya fita ranka kwana da kwanaki, jami'a tana da ɗakin ba da shawara kyauta kuma sirri ne, ka je, sannan ka kira wani babba cikinmu da ya riga ka zuwa ka faɗa masa gaskiyar halin da kake ciki. Allah ya kai ku lafiya ya ba da sa'ar karatu.