Kafin a Ɗebi Jininki Don Gwajin Haihuwa, Fara Ƙirga Kwanaki

Shekara biyu da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, sai aka rubuta mini gwajin furojestaron, sinadarin jini da ke nuna ko mace ta saki ƙwai, aka ce in je ranar 21 da fara al'ada. Na je. Sakamako ya fito ƙasa ƙwarai, aka ce mini ba na sakin ƙwai. Wata guda na yi ina kuka a ɓoye. Likita ta biyu da na gani tambaya ɗaya ta yi mini: "Kwana nawa ne tsakanin al'adarki da ta gaba?" Na ce 35. Ta ajiye takardar, ta ce a ranar 21 ƙwan nawa lokacin ma yake shirin fita, don haka wannan jinin bai faɗi komai a kaina ba.

'Yar'uwa, abin da nake so ki riƙe ke nan. Sinadaran haihuwa, waɗanda ake ce wa homon, hawa da sauka suke yi cikin wata. Ranar da aka ɗebi jinin tana cikin sakamakon.

Saboda haka ki fara da littafi da biro. Ki rubuta ranar da al'ada ta zo, wata uku a jere in da hali. Rana ta ɗaya ita ce ranar da jini ya zuba sosai, ban da ɗigon da wasu ke gani kafin nan. Daga ita ake ƙirga komai.

Tsakanin rana ta 2 zuwa ta 4 ake ɗibar jinin FSH da LH da estaradayol, homon ukun da ke tafiyar da nunar ƙwai da fitarsa. Eh, kina cikin al'ada, kuma haka ake so, kada ki ɗaga don kina jin nauyin zuwa. FSH saƙo ne da ke fitowa daga wata 'yar glanda a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yana umartar gidan ƙwai ya nunar da ƙwai. Idan gidan ƙwan ya fara gajiya, sai saƙon ya ƙara ƙarfi, shi ya sa FSH mai yawa ke nuna ajiyar ƙwai ta ragu. Ana haɗa shi da estaradayol ne domin idan estaradayol ya hau da wuri yakan danne FSH, lamba ta fito kamar lafiya lau alhali ba haka ba ne.

Furojestaron kuwa, wanda ya ba ni wahala, yana hawa ne bayan ƙwai ya fita, ya kai ƙololuwa kamar kwana 7 kafin al'ada ta gaba. To daga baya ake ƙirgowa. Mai kwana 28 ranar 21 ce tata. Mai kwana 32, ranar 25. Mai kwana 35 irina, ranar 28. Idan al'adarki ba ta da tsayayyen lokaci, ki faɗa wa likita tun farko, yakan sa a maimaita gwajin mako-mako har al'adar ta zo. Kuma bayan an ɗebi jinin ki rubuta ranar da al'ada ta zo. In ta zo bayan kwana biyu, ko sai bayan mako biyu, an kuskure lokacin, a sake.

AMH, wani homon da gidan ƙwai ke fitarwa, ba ruwansa da rana, kowane lokaci ana yinsa. Amma shi ne ya fi tsorata mata, kuma abin yana damuna. Yawan ƙwan da ya rage yake hasashe, ba ingancinsu ba. Inganci shekaru ne suka fi nuna shi. Mace mai ƙaramin AMH tana iya ɗaukar ciki da kanta matuƙar tana sakin ƙwai, don ƙwai ɗaya ake bukata a wata. Amfaninsa ya fi yawa wajen tsara maganin ƙarfafa ƙwai. Yakan fito da yawa ga masu PCOS, wato matsalar homon da ke rikita al'ada da sakin ƙwai, magungunan tazarar haihuwa masu homon kuma suna iya rage shi na ɗan lokaci.

Sai furolaktin, sinadarin ruwan nono. In ya yi yawa yana hana sakin ƙwai, wata ma ta ga nono na tsatsafowa ba ta shayarwa. Yana da saurin tashi: fargaba, saduwa, matsa nono, da wasu magungunan amai da na ƙwaƙwalwa duk suna ɗaga shi. Ki je da safe, ki zauna ki huta kafin a soka allura, kuma in ya ɗan haura kaɗan ki nemi a maimaita kafin a ɗora ki kan magani. Tare da shi ake duba TSH, gwajin aikin glandar wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. In kina shan bitamin ɗin bayotin don gashi ko farce ki faɗa, yana rikita wasu gwaje-gwajen, akan ce a dakatar da shi na kwana biyu ko uku.

Maigida ma yana da nasa, kuma gwajin maniyyi ne farko, bayan kwana 2 zuwa 7 ba tare da saduwa ba. Sai in an ga matsala ake zuwa jini: FSH, LH da testostaron, babban homon na maza. Shi testostaron da safe ake ɗibarsa, kafin ƙarfe 10, ba a ci komai ba, kuma ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. In ya fito ƙasa, don Allah kada ya nemi allurar testostaron da kansa. Tana sa jiki ya daina ƙera maniyyi, ta rufe ƙofar da ake neman buɗewa.

Idan takarda ta fito, ki duba ma'aunin da ke gefen lambar kafin hankalinki ya tashi. Wani ɗakin gwaji da ng/mL yake rubutawa, wani da nmol/L ko pmol/L. AMH 1 a ng/mL kusan 7 ne a pmol/L. Kada ki gwada takardarki da ta ƙawarki. Ki rubuta a samanta ranar da aka ɗiba da ko rana ta nawa ce a zagayenki, ki kai wa likita tare da sunan duk maganin da kike sha.

Yaushe za a fara? Bayan shekara guda ana nema ba a samu ba. In kin wuce 35, wata 6 ya isa. In al'ada ba ta zuwa ko tana tsallake watanni, kada ki jira ko ɗaya.

Ni da aka sake ɗibar jinina ranar 28, ya nuna ina sakin ƙwai. Daga nan likitar ta aika maigida gwajin maniyyi, ni kuma hoton bututun mahaifa, domin jini ba ya nuna ko hanya a toshe take. Shi ma hoton da ranarsa: bayan jini ya ɗauke, kafin ƙwai ya fita.