Idan doki ya canja taku, ka sauka

Asabar ɗin da ta wuce, bayan la'asar, ina jingine da shinge ina kallon samari suna gwajin tsallake. Sun jera sanduna da tsofaffin tayoyi, suna kwaikwayon abin da suke gani a waya na gasar nan mai zango uku da ake yi a Ingila. Wani yaro a kan gunya ya zo tsallake na uku, dokin ya bugi sanda da ƙafar gaba, ya dira a karkace. Daga inda nake tsaye na ga kan dokin yana ɗagawa sama duk sa'ad da ƙafar hagu ta taɓa ƙasa. Yaron ya waiga ya dubi abokansa, ya sa ƙaimi, ya nufi na huɗu. Sai da na daka masa tsawa sannan ya ja linzami.

Sama da shekara ashirin ina cikin dawaki a garin nan, daga ƙilisa zuwa sukuwa zuwa ƙwallon dawaki, kuma wannan kuskuren ne na fi gani. Shi ne kuma ya cinye mini doki mafi soyuwa a raina.

Bidi ne, mai sanyin kai, mai juyi kamar ya san inda ƙwallo za ta faɗa. Lokacin hunturu ne, fili ya bushe ya yi tauri kamar daɓe. Muna cikin zango na uku, na juya shi da ƙarfi, sai na ji ya gajarta taku ɗaya, kamar wanda ya taka tsakuwa. Taku ɗaya tak. Na ji shi a cinyata, na ji shi a hannuna. Saura kamar minti biyu a buga ƙararrawa, ana binmu ƙwallo ɗaya, na ce a raina bari a ƙarasa. Ya ƙarasa mini kuwa, bai ƙi ba. Da na sauka, tsohon da ke kula mana da barga ya durƙusa ya shafa bayan ƙwaurin daga gwiwa zuwa ƙasa, bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗan nan, tun yaushe ka ji?" Na ce, "Baba, yanzun nan ne." Ya ce, "A'a. Ba yanzu ba ne." Kafin gari ya waye agarar ta kumbura ta lanƙwaso waje kamar baka, da zafi rau. Likitan da ya zo daga Zariya ya ɗora na'urar hoto, ya nuna mini baƙin rami a tsakiyar jijiyar, ya ce ƙaramar yagewa ce da farko, gudun da aka ƙara a kanta ne ya buɗa ta. Wata goma sha ɗaya muna jinya. Ya tashi, amma bai sake shiga fili ba.

Ga abin da ya sa haka. Daga gwiwar doki zuwa kofato babu tsoka, ƙashi ne da jijiya da fata. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa yana tsaye, to ina ga sa'ad da ya diro daga tsallake da mutum a bayansa. Jijiya kuma ba ta samun jini sosai, shi ya sa ba ta warkewa da wuri, kuma abin da ke cike gurbin tabo ne, ba ya miƙewa kamar na asali. Sannan doki ba ya kuka. Idan jininsa ya ɗau zafi, ga 'yan'uwansa suna gudu, zai bi su da ƙafa uku. Kada ka jira ya tsaya da kansa ka ce ai da ciwo ne da ya tsaya. Alƙali yana nesa, likita yana bakin fili, maigidan yana cikin rumfa. Kai ne ke zaune a kansa, kai za ka fara ji.

Ku da ke kallon gasar Turawa, tsallaken kawai kuke gani. A babban matakinta, irin na gasar Badminton ta Ingila da ake yi tun 1949, doki yana gudun mita 570 a minti ɗaya, ya yi fiye da kilomita shida a daji, ya tsallake katako da rami da ruwa sau arba'in ko fiye. Amma dokokin FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, sun ce idan doki ko mahayi ya faɗi, an fita ke nan, ba a sake hawa a ci gaba. Alƙalai na da ikon tsayar da mahayin da ke tura doki gajiyayye ko mai ɗingishi, har su ba shi katin gargaɗi. Washegari da safe, kafin tsallaken ƙarshe, sai an jawo kowane doki ba sirdi ya yi sassarfa a gaban alƙalai da likita, wanda ya ɗingisa a sallame shi. Duk da wannan tsaro, a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 dokin wani ɗan Suwizalan, mai suna Jet Set, ya tsinke jijiya a zangon daji, likitoci suka duba suka ga ba ta gyaruwa, aka yi masa allurar mutuwa don a hutar da shi. Can ke nan, inda motar asibitin dawaki ke tsaye a bakin hanya. Mu da sai an buga waya Zariya ko Mando, wa ya fi mu bukatar taka-tsantsan?

Abin da nake yi tun daga kan bidin nan ba shi da wuya. Na ji taku ya canja, na tsaya, na sauka, na sassauta majayi. Na ɗaga kofato na duba ko dutse ne ko ƙusa. Na shafa ƙafafun gaba biyu a lokaci ɗaya, hannu a kan kowace, don bambancin zafi ya fi fitowa haka. Na ba wani ragama ya yi sassarfa da shi a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, ina kallon kansa. In ya ƙi ɗora ƙafar a ƙasa sam, ba na jan sa ko taku goma, a nan zai tsaya a kira likita, mota ta zo inda yake. In yana takawa, a kai shi inuwa a hankali, a sakar wa ƙafar ruwan sanyi minti ashirin, a maimaita sau uku ko huɗu a rana. Sau da yawa na sauka aka duba ba a ga komai ba, na rasa wasa a banza. Ban taɓa yin nadamar ko ɗaya ba.

Kuskure na biyu, wanda ya fi ɓata mini rai domin shi da gangan ake yinsa: allurar kashe zafi daren wasa. Doki ya kwana yana ɗingishi, gobe akwai wasan ƙarshe, sai a aiki yaro kantin magani ya sayo fenilbutazon, a ɗirka masa, da safe a ga ya miƙe a ce ya warke. Wallahi bai warke ba. Zafin nan shi ne ke hana shi ɗora nauyi a kan wurin da ya lalace, kun cire masa shi, kun kuma hau shi. Maganin ba mugu ba ne, likitoci na bayar da shi ga dokin da ke hutawa a turke. Amma a gasannin FEI an hana doki shiga fili da shi a jininsa, kuma ana ɗibar jini da fitsari a gwada. Ban da haka yana cin tumbi, yana taɓa ƙoda, musamman ga dokin da ya yi gumi bai sha ruwa ba. In kuma mai allurar ya kuskure jijiyar wuya maganin ya zuba a nama, wurin ya ruɓe. Na taɓa ganin akawal da rami a wuya wanda yatsu uku ke shiga, watanni ana wanke shi. Wanda ya yi allurar bai taɓa koyon aikin a ko'ina ba, gani kawai ya yi ana yi.

Na san abin da za ku ce, don na sha ji: "Baba, dokin ba nawa ba ne, na Alhaji ne, in na sauka zai ce na ji tsoro." Na fahimci wannan, yaro mai neman abinci ba ya son ɓata wa maigida. To amma ku yi lissafi. Wanne ya fi sauƙin faɗa, "Ranka ya daɗe, na ji ƙafarsa ba daidai ba, na sauka," ko kuwa a kira shi da safe a ce dokin da ya sayo daga Ajantina ba zai ƙara wasa ba? Ku kuma iyayen gida, in yaro ya sauka don ya ji wani abu, kada ku ci masa fuska a gaban mutane. Ranar da kuka yi haka, kun koya wa duk yaran bargarku su yi shiru.

Sai batun ruwa. Har gobe akwai masu cewa kada a zuba wa doki ruwan sanyi yana cikin gumi, wai jikinsa zai sandare. Mu ma haka muka taso muna ji. Binciken da aka yi gabanin Olamfik ta Atlanta a 1996, saboda zafin garin, ya nuna akasin haka: yawan ruwan sanyi a jiki duka shi ne ke sauke zafi da sauri. Zafin jikin doki lafiyayye yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius, in ya haura 40 bayan gudu an shiga haɗari. A watan Maris da Afrilu na Kaduna, ka ga doki yana haki hanci a buɗe, minti goma bai lafa ba, ko yana tangaɗi, cire sirdi da jalala, kai shi inuwa, yi ta kwara masa bokiti bayan bokiti a wuya da ƙirji da gadon baya da tsakanin cinyoyi. Ka bar shi ya sha. Ni ina ajiye ma'aunin zafi a aljihun jakar sirdi, kuɗinsa bai kai na buhun dusa ba.

Ciwon fata kuwa, don Allah a daina zuba baƙin mai da toka. Ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, ya wadatar kafin likita ya iso. Jini na tsartuwa, a danne da tsumma mai tsabta a ɗaure, kada a yi ta ɗagawa ana leƙe. Ƙaramin huji kusa da gaɓa ya fi babbar yanka a cinya haɗari, in ka ga ruwa mai yauƙi kamar zuma yana fita, maganar likita ce a daren. Ƙusa a tafin kofato, in ba za ta ƙara nutsewa ba, na fi son a bar ta likita ya ga inda ta nufa. Allurar rigakafin tetanus mai sarƙe haƙora kuwa, doki na cikin dabbobin da cutar ta fi kamawa, kuma rabin masu dawakin da na tambaya ba su san ranar da aka yi wa nasu ba.

Lalas da ƙarfe mai zafi a kan jijiya ba ya ɗinke ta, ƙuna kawai ya ƙara, hutun dole da ke biyo baya shi ne ya yi aikin. Jini a baki ba alamar doki mai ƙarfin kai ba ne, linzamin gargajiya mai kaifi ne ko hannu mai nauyi, kuma ba da shi ake tsallake ba. Mikin baya, a huta da sirdi har ya rufe, ba a ninka jalala a ɗora a kai. Wanda ya faɗo kansa ya bugi ƙasa kada ya sake hawa ranar, ko da ya rantse lafiyarsa lau.

Sannan hanzarin mayar da doki aiki. Kumburi ya sauka a mako uku, ɗingishi ya tafi, sai a ce ya warke, ga gasar Kaduna ta matso, kowa na son a gan shi ranar kofin Georgian, babban kofin ƙwallon dawaki. Jijiya tana neman wata tara zuwa shekara. Tafiya a hannu tukuna, minti goma safe da yamma, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, sassarfa sai likita ya sake ɗora na'ura ya ce to.

Gunyan nan na ranar Asabar, na koma na duba shi ranar Litinin. Akwai ɗan zafi a bayan ƙwaurin hagu, kumburin bai kai kaurin yatsa ba. Na tarar da yaron tsugune da tiyo a hannu, ya ɗora waya a kan turke yana duba minti. Ya ce likita zai zo Alhamis. Na ce kada kowa ya ɗora masa sirdi kafin nan, ko da Alhajin ne da kansa ya aiko.